Uwargida, Anya Malejin Motarku Gaskiya Yake Faɗa Miki?

 

Yau za mu ɗan fita daga ɗakin girki da ɗakin shan magani mu leƙa gareji. Na san wata za ta ce, "Malama nas, me kuma ya haɗa ki da tayar mota?" Abin da ya haɗa ni da sauro da ruwan sha, shi ne ya haɗa ni da ita. Duk abin da zai iya kawo yaro gadon asibiti, gara mu yi maganarsa tun bai kawo shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29, kuma duk shekara mutum kusan miliyan 1.19 ne ke rasa ransa a kan titi.

Da yawanmu idan ana tafiya, ko mu ke tuƙi ko maigida ko direba, idonmu yana kan allurar maleji. In ta tsaya a kan 80 hankali ya kwanta. In ta haura 100 sai a fara, "Abban yara, don Allah a sassauta." To, wannan allurar da muka dogara da ita tana iya yin ƙarya, kuma babban abin da ke sa ta ƙarya shi ne sauya girman taya. A ƙasar nan kuwa sauya girman taya ya zama ruwan dare. Wani don kwalliya yake yi, wani don ramukan unguwa da tudun rage gudu da ke kartar ƙasan mota, wani kuma ya je sayen ta hannu bai samu lambarsa ba, mai shago ya ce masa, "Alhaji, sa wannan, ai duk ɗaya ne."

Ba duk ɗaya ba ne, kuma ga dalili.

Maleji ba ya ganin titi

Mota ba ta da idon da za ta ga irin gudun da take yi. Abin da take yi shi ne ƙirge. Akwai 'yar na'ura a jikin giya ko a jikin ƙafafun mota da ke ƙirga sau nawa taya ta juya. A tsofaffin motoci wata waya ce ke juyawa daga giya har zuwa bayan maleji. Tun a kamfani an riga an gaya wa motar cewa juyi ɗaya na tayarta yana cin tazara kaza. Sai ta ɗauki yawan juyi, ta ninka da wannan tazarar, ta nuna miki sakamako a kan allura.

Mu a asibiti muna da irin wannan ƙirge wajen ƙarin ruwa. Robar ƙarin ruwa ta manya da aka fi amfani da ita, ɗigo 20 ne ke yin mililita ɗaya. Ta ƙananan yara kuwa sai ɗigo 60. Idan aka maƙala robar manya, mai ƙirge kuma tana lissafi da ta yara, za ta ƙirga ɗigonta daidai babu kuskure, amma ruwan da ya shiga jikin yaro ya ninka sau uku. Ƙirgen bai sauya ba, girman ɗigon ne ya sauya.

Haka maleji yake. Tayar ƙaramar mota irin Corolla tana cin kusan mita 2 a juyi ɗaya, wato takan juya kimanin sau 500 a kilomita guda. In aka sa mata taya mai tsayi, wadda sau 480 kawai za ta juya ta cinye wannan kilomitar, motar ba ta da labari. Tana nan tana lissafi da tsohuwar tayarta. Sai ta nuna miki gudun da bai kai wanda ake yi ba.

Ki riƙe wannan ƙa'ida, ita ce jigon zancenmu na yau: taya ta ƙara tsayi, maleji ya rage miki gudu, taya ta rage tsayi, maleji ya ƙara miki gudu. Na farkon ne ya fi haɗari, domin ana gudu sosai amma allura tana kwantar da hankali.

Karanta lambobin da ke jikin taya

In kin duƙa gefen kowace taya za ki ga rubutu kamar haka: 195/65 R15. Kada lambobin su ba ki tsoro, sun fi takardar gwajin jini sauƙin karantawa.

• 195 shi ne faɗin taya da milimita.
• 65 yana nufin tsayin robar gefe, daga bakin rim zuwa inda taya ke taka ƙasa, kashi 65 cikin 100 ne na wancan faɗin.
• 15 shi ne girman rim, wato ƙarfen da taya ke zaune a kai, da inci.

Abin da ya dami maleji shi ne tsayin taya gaba ɗaya, daga ƙasa har samanta. In kina da kalkuleta a waya, ga yadda ake fitar da shi. Ki ninka 195 da 65 ki raba da 100, za ki samu kusan 127. Ki ninka shi biyu, tunda akwai roba a sama akwai a ƙasa, ya zama kusan 254. Sai ki ninka 15 da 25.4 don mayar da inci milimita, ya ba ki 381. Ki haɗa su, tsayin tayar ya kama kusan milimita 635.

Wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba: lambar tsakiya kaso ce ta faɗi. Saboda haka in faɗi ya ƙaru, tsayi ma ya ƙaru ko da lambar tsakiya ba ta sauya ba. Taya mai 205/65 R15 ta fi mai 195/65 R15 tsayi, duk da cewa 65 da 15 ɗinsu ɗaya ne.

Babban rim ba shi ne laifin ba

Kafin a je a tayar wa maigida da hankali saboda ya sa manyan rim masu ƙyalli, a tsaya. Ana iya ƙara girman rim maleji bai taɓu ba, muddin an rage tsayin roba daidai da abin da aka ƙara na ƙarfe. Kamfanonin mota da kansu suna yin haka. Corolla ta wajajen 2009 zuwa 2013 ta fito da 195/65 R15 a wasu samfurori, da 205/55 R16 a wasu, kuma bambancin tsayinsu bai kai milimita 3 ba.

Ga misali, a kan motar da ta zo da 195/65 R15, kuma a ɗauka malejinta daidai yake tun farko. In allura ta nuna 100, ga ainihin gudun da ake yi da kowace taya:

• 185/60 R15: kusan 95
• 205/55 R16: kusan 100
• 225/45 R17: kusan 100
• 205/65 R15: kusan 102
• 215/60 R16: kusan 105
• 205/70 R15: kusan 105
• 215/65 R16: kusan 108

Kin ga rim mai inci 17 bai taɓa maleji ba, amma mai inci 15 da aka ɗora wa doguwar roba ya ɓata shi. Masu harkar taya suna da ƙa'idar da suke bi, cewa kada tsayin sabuwar taya ya bambanta da na asali fiye da kashi 3 cikin 100. Ukun ƙarshe a jerin nan duk sun tsallake wannan iyaka.

Ga kuma abin da zai ba ki mamaki game da masu sa doguwar taya don mota ta ɗaga sama. Rabin ƙarin tsayin ne kawai ke ɗaga motar, tunda ɗaya rabin yana sama, cikin jikin mota. Wanda ya tashi daga 195/65 R15 ya koma 215/60 R16 ya ƙara milimita 30 a tsayin taya, amma motarsa santimita ɗaya da rabi kacal ta ɗaga, kaurin yatsa guda. Saboda wannan ne aka sayar da gaskiyar maleji.

"Ai kilomita biyar ne kawai"

Wannan ita ce amsar da za ki fara ji, don haka ki shirya mata.

Tazarar da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya tana ƙaruwa fiye da yadda gudu ke ƙaruwa. In gudu ya ninka biyu, tazarar birki ninki huɗu take yi. Ƙarin gudu na kashi 5 cikin 100 yana ƙara tazarar birki da kusan kashi 10. Ƙarin kashi 8 yana ƙara ta da kusan kashi 17.

A ɗauka motoci biyu ne kafaɗa da kafaɗa a kan hanyar Kano zuwa Zariya, birkinsu iri ɗaya, ɗaya tana gudun 100, ɗaya 105. Suka hango tirela ta lalace a gaba, suka taka birki a wuri guda. A daidai inda ta farkon ta tsaya cak, ta biyun tana nan tana gudun da ya haura kilomita 30 a awa. A cikin gari ma haka ne. Inda mai gudun 50 ta tsaya, mai gudun 54 tana da sauran gudun kusan 20 a jikinta. In yaro ne ya ɓullo daga bayan Keke Napep a ƙofar makarantar Islamiyya, wannan 20 ɗin ita ce tsakanin "Allah ya kiyaye" da ɗakin agajin gaggawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudun motoci yana ƙara haɗarin da ake rasa rai a cikinsa da kashi 4 cikin 100. Ta kuma ce mai tafiya a ƙafa da mota ta buge tana gudun 65, haɗarin mutuwarsa ya ninka na wanda aka buge da gudun 50 sau huɗu da rabi. Mu da muke karɓar waɗanda aka kwaso daga kan titi mun san yadda wannan lissafin yake a jikin mutum. Yaro gajere ne, inda mota za ta bugi babba a ƙafa, shi a ƙirji ko a ka take samunsa.

Dokar hanya ta Najeriya, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ke lura da ita, ta ƙayyade wa motar gida gudun 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a kan tagwayen hanya ta gudu. Direban da ya tsaya daidai kan iyaka da maleji mai ragi ya karya doka bai sani ba.

Wani zai ce ai dama maleji yana ƙari tun daga kamfani. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Ƙa'idar da ƙasashen Turai ke bi ta hana maleji ya nuna ƙasa da ainihin gudu, amma ta yarda ya nuna sama da shi kaɗan, shi ya sa motoci da yawa suke ɗan ƙarawa. Sai dai wannan ƙarin an bar shi ne don kariya, kuma yawanci ɗan kaɗan ne. Doguwar taya shi take fara cinyewa, sannan ta zarce. Ba kuma kowace mota aka ƙera don kasuwar Turai ba.

Sauran abubuwan da ke taɓuwa

Lambar da ke ƙirga yawan kilomitocin da mota ta yi, ita ma daga juyin taya take samun lissafinta. In taya ta ƙaru da kashi 5 cikin 100, lokacin da lamba ta nuna an yi kilomita 5,000, an yi 5,250. Juyen baƙin mai zai riƙa makara, lissafin shan mai ma ya rikice.

Wanda ya fi wannan muni shi ne gauraya taya, wannan ƙafa da lambarta, waccan da tata. Motocin zamani suna da tsarin birki na ABS, wanda ke kwatanta juyin ƙafafun nan huɗu don ya gane wadda ke zamewa. In ɗaya ta fi sauran tsayi, kullum juyinta daban yake, na'urar tana iya rikicewa, fitilar gargaɗi ta kama. Motar kuma tana iya ja gefe guda idan an taka birki da ƙarfi. A motocin da duk ƙafafunsu huɗu ke ja, gauraya taya tana iya lalata kayan giya masu tsada. Ko an matsu, tayoyi biyun da ke gaba su zama lamba ɗaya, biyun baya ma haka.

Doguwar taya tana kuma iya gogar jikin mota idan an karya sitiyari sosai, ko an cika mota da mutane da kaya irin na tafiyar Sallah. Tayar da ke guga kuwa tana cinye kanta.

Ita ma 'yar siririyar safaya da wasu motoci ke zuwa da ita, an yi ta ne don ta kai ku wurin mai faci kawai. Yawanci an rubuta a jikinta kada a wuce gudun 80.

In motarku daga Amurka ta zo

Tunda muna maganar allura, ga wata ƙarya da ba ta taya ba ce amma ta fi ta girma. Motocin hannu da yawa da ke ƙasar nan daga Amurka aka kawo su, can kuwa da mil suke awo. Manyan lambobin malejinsu mil ne, za ki ga an rubuta MPH. Kilomita tana cikin ƙananan lambobin da ke ciki. Mil ɗaya ya kai kilomita 1.6. In allura tana kan babban 50, kilomita 80 ake yi. In tana kan 60, ana dab da 97. In ta kai 80, kusan 129 ake yi. Yanzu ki ɗora doguwar taya a kan wannan. Duk wanda zai ja yaranki a irin wannan mota, musamman sabon direba, a tabbatar ya san lambobin da zai riƙa kallo.

Abin da za ki iya yi a makon nan

Na farko, ki buɗe ƙofar direba ki duba jikin ginshiƙin ƙofar. Yawancin motoci suna da takarda a manne a nan, mai ɗauke da lambar tayar da kamfani ya tsara da yawan iskar da ake sa mata. In ba ta nan, a duba bayan murfin tankin mai ko littafin mota.

Na biyu, ki zagaya motar ki ɗauki hoton lambar kowace taya da wayarki, duka huɗu har da safaya. Ki kwatanta da ta jikin ƙofa. Minti biyar ya isa.

Na uku, ku gwada malejin da waya. Manhajar Google Maps da ta Waze suna iya nuna gudun da ake yi ta hanyar tauraron ɗan'adam, babu ruwansu da taya. A Google Maps sai an kunna shi a cikin saituna. A samu miƙaƙƙiyar hanya marar cunkoso, direba ya riƙe allura a kan 60 na ɗan lokaci ba tare da ƙari ko ragi ba, wanda ke gefe ya duba waya. Mai tuƙi kada ya taɓa wayar. In waya ta nuna ƙasa da allura da kilomita biyu ko uku, babu damuwa. In ta nuna sama da allura, malejinku yana ragi.

Na huɗu, in an samu ragi, maganin da ya fi shi ne a koma lambar asali idan lokacin sauya taya ya yi. Wasu motocin zamani ana iya daidaita malejinsu da kwamfuta, amma ba duka ba. Kafin nan, duk mai jan motar ya san adadin ragin, ya riƙa tsayawa ƙasa da iyaka da kilomita biyar zuwa goma.

Na biyar, ranar sayen taya a tafi da lambar a rubuce, kada a bar mai shago ya zaɓa. Bayan lambar girma akwai wata, kamar 91H. Wannan 91 ɗin tana nufin tayar za ta ɗauki kilo 615, kada a sayi wadda ta gaza ta asali. A kuma nemi lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT. In an ga 2322, an ƙera tayar a mako na 23 na shekarar 2022. FRSC ta daɗe tana jan kunne a kan tayar da ta wuce shekara 4 da ƙerawa. Araha dai ba ta ado.

Kada kuma a manta da motar da ke kai yara makaranta. Kina da damar ki leƙa tayoyinta kamar yadda kike leƙa kwanon abincinsu. In kin ga lambobi barkatai, ki kai maganar taron iyaye da malamai.

Yadda za a shigar wa maigida da maganar

Mun san maza da motocinsu. In kika ce masa, "Tayar da ka saya ba daidai ba ce," an tashi daga maganar taya an koma maganar girma. Ki bari sai ran da kuka fita hankali kwance, ki ce, "Abban yara, na karanta cewa waya tana auna gudun mota, mu gwada mu gani?" In lambobi suka saɓa, shi da kansa zai fara neman dalili, ƙila ma gobe ki ji yana ba abokansa labari a majalisa. Ba komai, ladan naki ne.

Ko maleji yana gaskiya ko yana ƙarya, yara su zauna a kujerar baya, kowa da bel ɗinsa, kada a rungumi jariri a kujerar gaba. Hausawa sun ce tafiya sannu-sannu kwana nesa.

Wadda ta duba motarsu, ta rubuto mana a ƙasa lambar da ke jikin ƙofa da wadda ke jikin taya. Zan yi ƙoƙarin lissafa wa kowa bambancinta, in sha Allahu. Allah ya tsare mana zuri'a, ya kai mu duk inda za mu lafiya, ya dawo da mu lafiya. Sai mako mai zuwa.